Mura ta tafi, tari da kasala sun ƙi tafiya: amsa ga wata malamar makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce, shekaruna 37, 'ya'yana huɗu. A tsakiyar hunturun nan na yi wata mura mai tsanani, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, sai da na kwanta kwana takwas. Yau mako shida ke nan da zazzaɓin ya sauka, amma busasshen tari bai bar ni ba, musamman da dare da lokacin da nake koyarwa. Ga kasala: in na yi wanki yau, gobe da ƙyar nake tashi. In na miƙe tsaye sai zuciyata ta dinga bugawa da sauri. Ƙamshin abinci ma ba na ji sosai. Na sha antibayotik kala biyu, na sha maganin maleriya, an ce taifot ce har aka yi mini ƙarin ruwa. Surukata ta ce beli ne, a kira wanzami. Cutar tana jikina ne har yanzu? Zan iya shafa wa yarana? Wane magani zan sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da kika lissafa na saba jin sa a ɗakin duba marasa lafiya kowace shekara daga Janairu zuwa Maris, kuma mafi yawan masu shi suna warkewa sarai. Ƙwayar cutar da ta kwantar da ke, ko ta mura mai zafi ce ko ta korona, kusan tabbas ta riga ta bar jikinki. Mai irin wannan mura yakan yaɗa ta ne a makon farko, mai korona kuma ba kasafai yake wuce kwana goma yana yaɗawa ba. Saboda haka bayan mako shida ba wannan ƙwayar za ki shafa wa yaranki ba. Abin da kike fama da shi yanzu ɓarnar da ta bari ce, da aikin gyaran da jiki yake yi. Amma kafin ni ko wani likita ya ce miki "sauran mura ne, ki yi haƙuri," akwai abin da dole a fara kawarwa, kuma da shi zan fara don ya fi komai muhimmanci.

Ki je a gwada kakinki saboda tarin fuka, a cikin makon nan. Ƙa'idar da ake bi a Najeriya ita ce duk wanda tari ya kai masa mako biyu a gwada shi, ke kuwa kin ninka haka sau uku. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tarin fuka a duniya, kuma cutar ba ta zuwa da ganga. Sau da yawa mutum yakan ce mura ce ta fara masa, ashe murar ce ta tono abin da ya daɗe yana ɓoye. Gwajin kaki da na'urar GeneXpert kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, maganin ma kyauta ne, ana shan sa wata shida kuma ana warkewa. Idan akwai zufa da dare har ta jiƙa riga, ko rama, ko zazzaɓi da yamma, ko jini a cikin kaki, ko wani mai dogon tari a gidanku ko a ajinku, to kada ki jira ko kwana ɗaya. Ki nemi a ɗauki hoton ƙirji ma, tunda busasshen tari ba ya ba da kaki sosai. Ba don na zaci kina da shi na faɗi haka ba. Ke malama ce, kina tsayawa gaban yara kullum a ɗaki ɗaya, kuma wannan ita ce cutar da in tana nan za ta iya kai wa gare su.

Tare da wannan, a duba yawan jininki, don ƙarancin jini shi kaɗai yana kawo kasala da haki da saurin bugun zuciya, kuma ya yi yawa a tsakanin matanmu da suka haihu sau da dama. A duba suga, a auna hawan jini, likita ya saurari ƙirji da zuciya. In kin haihu cikin watannin nan, ki faɗa masa da bakinki: akwai raunin zuciya da ke biyo bayan haihuwa wanda likitoci suka daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa, kuma yakan zo da tari da dare da kumburin ƙafa da kasa kwanciya sai an tara matashin kai. In kina shan maganin hawan jini, ki duba sunansa. Lisinopril da captopril da enalapril suna sa busasshen tari ga wasu mutane, wanda ba ya tafiya sai an canza maganin. Kada ki daina da kanki, ki kai wa wanda ya rubuta miki ya sauya.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: ciwon ƙirji mai matsewa, numfashi ya yi wuya kina zaune ba ki yi komai ba, suma, jini a tari, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko zazzaɓi ya dawo da ƙarfi bayan kin fara samun sauƙi. Waɗannan na iya nuna ciwon huhu, ko kumburin tsokar zuciya, ko gudan jini da ya toshe jijiya. Asibiti ne kai tsaye.

To, a ce duk an duba an samu lafiya. Me ya sa tarin ya zauna?

Cikin bututun numfashi, daga hanci har zuwa huhu, akwai wani lallausan rufi mai ɗauke da ƙananan gasu da ido ba ya gani. Aikinsu shara: suna kaɗawa dare da rana suna tura majina da ƙura zuwa sama, mu haɗiye ba mu sani ba. Ƙwayar mura cikin wannan rufin take shiga ta hayayyafa, kuma kafin jiki ya ci ƙarfinta ta riga ta saɓule wani sashe nasa. Sai jijiyoyin da ke ƙarƙashi su zama a fili, kamar fatar da ta ƙuje. Iska mai sanyi, ƙura, dariya, doguwar magana, abin da a da ba ya sa ki tari yanzu sai ya tayar da shi. Tarin kuma yana ƙara gurje wurin, gurjewar ta ƙara kawo tari. Rufin yana sake tsirowa, amma makonni yake ɗauka. A lissafin likitoci, tarin da ke biyo bayan mura yakan kai mako uku zuwa takwas. Ko tarin mura na yau da kullum ma, da aka tattara bincike aka duba, matsakaicinsa kusan kwana 18 ne, alhali yawancin mutane suna zaton mako ɗaya ya isa. Wannan tazarar ce take tura mutane kemis su sayi magani bayan magani.

Ke kuma abu biyu sun haɗar miki. Hunturu ne, iska ta bushe, ƙura ta cika gari, ga kuma aikin da sai an ɗaga murya gaban aji, wataƙila da ƙurar alli. Saboda haka maganin farko shi ne rage abin da ke taɓa miki gyambon. Ki sa takunkumi ko ki rufe hanci da mayafi in za ki fita da safe ko za ki hau abin hawa. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, kuma in da hali wani ya yi miki ita na ɗan lokaci. Turaren wuta, na san ba ƙaramin abu ba ne a ɗakin mace, amma ki ajiye shi wata guda. Haka maganin sauro na hayaƙi, ki koma gidan sauro. In da itace ko gawayi kike girki, ki yi a fili, kada hayaƙi ya turnuƙe ki a kicin. A aji, ki ajiye ruwan ɗumi kusa, da zarar kin ji ƙaiƙayi ya taso ki kurɓa ki haɗiye da ƙarfi maimakon ki yi gyaran murya, don gyaran muryar nan yana ƙara kunna tarin. Zuma cokali ɗaya kafin barci tana sassauta tari, kuma wannan ba zancen gargajiya kaɗai ba ne, an gwada an gani. Sai dai ba a ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, mai ciwon suga kuma ya yi lissafi da ita.

Tarin dare yana da masu ingiza shi guda biyu da ake yawan mantawa. Ɗaya majinar da ke gangarowa daga bayan hanci zuwa maƙogwaro in an kwanta. Maganinta wanke hanci da ruwan gishiri: ki tafasa rabin lita na ruwa, ki bar shi ya huce, ki zuba gishiri cokalin shayi ɗaya, ki riƙa shaƙa kina fyacewa kamar yadda ake yi a alwala, safe da dare. Na biyu ƙwannafi. Tuwo mai nauyi da yaji ƙarfe tara, a kwanta tara da rabi, ruwan ciki ya hauro ya ƙona maƙogwaron da dama yake da rauni. Ki ci abincin dare da wuri, ki bar awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, ki ɗaga wajen kai. In kuma kina jin ƙirji yana ƙara kamar fito, ko tarin yana tsananta da asuba, ki faɗa wa likita, don mura takan tayar da asma ko ga wanda bai taɓa sanin yana da ita ba, kuma wannan maganin shaƙa ne ke yi masa aiki. Tarin da ke zuwa a jere ba ƙaƙƙautawa har ya kai ga amai kuma, a yi tunanin tarin shiƙa. Manya ma suna yi, kuma haɗarinsa a kan jarirai yake, shi ya sa allurar rigakafin da ake yi musu a mako na 6 da na 10 da na 14 ba abin wasa ba ce.

Yanzu maganar magungunan da kika sha. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya yi wa ƙwayar mura komai, kuma ba ya sa rufin nan ya tsiro da sauri. Kala biyu ya isa, kada ki ƙara na uku sai da hujja. Akwai ma wasu, irin su ciprofloxacin da levofloxacin da ake yawan bayarwa da sunan taifot, da ke ɗan danne tarin fuka ya lafa, a ɗauka an warke, ganowa ta yi jinkiri. Ki faɗa wa masu gwajin sunan abin da kika sha. Taifot ɗin ma ina da shakka a kanta in gwajin Widal kaɗai aka dogara da shi, don a ƙasa irin tamu yakan nuna alama ga mutane da yawa da ba su da cutar. Ƙarin ruwa kuwa, ga wanda yake iya ci da sha, ruwa ne da gishiri da ɗan suga, ba ya korar kasala. Ki guji dexamethasone da prednisolone da ake haɗawa a leda a kemis: suna sa mutum ya ji garau kwana biyu, amma suna ɗaga suga da hawan jini, kuma in akwai tarin fuka to sun buɗe masa ƙofa. Maganin tari mai kodin, gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasanmu, kada ki karɓa ko an kawo miki ta bayan fage.

Batun beli, ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi. Don tana ƙaunarki ta faɗa, kuma haka ta taso ta gani. Amma beli halitta ne da kowa yake da shi, ba shi ke kawo wannan tarin ba. Na ga mutanen da aka kawo bayan an yanke musu shi, jini ya ƙi tsayawa, ko wurin ya ruɓe sun kasa haɗiye ko da ruwa, kuma tarin yana nan inda yake. Ga mai ƙarancin jini abin ya fi muni. Ki ce mata likita ya ce a jira sakamakon gwaji tukuna, in kuma kina jin nauyin faɗa, maigida ya yi mata bayani.

Kasalar ita ce na fi so ki fahimta, don a nan ne mutane suka fi cutar da kansu da kyakkyawar niyya. Wani ɓangarenta mai sauƙin ganewa ne: kwana takwas a kwance yana zubar da ƙarfin tsoka, rashin ci ya rage jiki, tari ya hana barci. Wannan yana dawowa da abinci da motsi a hankali. Wanda ya yi ciwon huhu sosai ma, ana gaya masa kasala na iya kai shi wata uku, wani sai wata shida kafin ya koma yadda yake. Amma jimlar nan taki, "in na yi wanki yau, gobe da ƙyar nake tashi," ta ja hankalina. Gajiya ta yau da kullum tana zuwa a lokacin aiki, a huta ta wuce. Wannan kuwa sai bayan awa 12 zuwa 48 take saukowa, jiki ya yi nauyi, kai ya yi dum, gaɓoɓi su yi tsami kamar murar za ta dawo, kuma ta kan yi kwanaki. Likitoci sun san ta tun kafin korona. An gan ta a jikin waɗanda suka tsira daga cutar SARS ta 2003, kuma korona ta sa duniya ta kasa kau da kai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar doguwar korona a Oktoban 2021: alamun da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka yi aƙalla wata biyu, kuma babu wata cuta da ta bayyana su. Ke ba ki kai nan ba, kuma fatana kada ki kai.

Mai irin wannan kasala, dagewa ba ta gyara shi, ƙara kwantar da shi take yi. Ki ɗauki ƙarfin jikinki kamar kuɗin cefane. A da ana ba ki mai yawa, yanzu an rage. In kin kashe na kwana uku a rana ɗaya don kin tashi da ɗan kuzari, kwana biyun da ke tafe babu abin ɗorawa. Abin da akasari ke faruwa ke nan: ranar da aka ji sauƙi a yi wanki da guga da kasuwa da gaisuwar rasuwa, sai a kwanta, a tashi a maimaita, wata ya wuce ana wuri ɗaya. Ki sami littafi ki rubuta abin da kika yi kowace rana da yadda kika wayi gari, na mako biyu. Za ki ga iyakarki da idonki. Sai ki tsaya ƙasa da ita, ko a ranar da kike jin za ki iya fiye da haka. Ki raba wanki kashi uku. Ki yi yanke-yanken girki a zaune. Ki huta kafin ki gaji, minti goma sha biyar ido a rufe, ba waya a hannu, don aikin ƙwaƙwalwa ma, kamar duba jarrabawar yara, yana cin kuɗin cefanen nan. In kin yi mako guda ba faɗuwa, ki ƙara kaɗan, misali tafiyar minti biyar a tsakar gida ta zama bakwai. In jiki ya ƙi, ki koma baya ba tare da jin kin gaza ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma a 2021 ta janye shawarar da ta daɗe tana bayarwa ta ƙara motsa jiki bisa jadawali ga masu doguwar kasala irin wannan, don an ga tana cutar da wasu.

Na san abin da za ki ce: 'ya'ya huɗu, aji, miji, wa zai yi? Shi ya sa nake so maigida ya karanta wannan amsa. Rashin lafiyar da ba ta da zazzaɓi ba ta da kumburi, mutane kan ɗauke ta son jiki, mai ita kuma ya fara zargin kansa. Ba son jiki ba ne. Wata ɗaya ko biyu na taimako yanzu, a rage mata wanki da ɗiban ruwa, manyan yara su karɓi shara, shi ne abin da zai iya hana a yi shekara ana jinya. A makaranta ma ki nemi takardar likita a rage miki darussa ko a bar ki ki koyar a zaune na ɗan lokaci. Salla in tsayuwa tana sa ki jiri ki yi a zaune, hadisin Imrana bin Husaini ya ba da wannan sauƙin a fili, kuma in azumi ya riske ki a haka, rangwamen mara lafiya yana cikin Alƙur'ani. Ki shawarci likitanki da malaminki, kada ki ɗora wa kanki abin da Allah bai ɗora miki ba.

Bugun zuciya in kin miƙe kuma, ki gwada shi a gida kafin ki je asibiti don ki tafi da lissafi. Ki kwanta minti goma ki ƙirga bugun a wuyan hannu na minti ɗaya, sannan ki miƙe kusa da bango da wani a gefenki, ki sake ƙirgawa bayan minti biyu, biyar, da goma. In ya ƙaru da 30 ko fiye ya zauna a haka, ki nuna wa likita. Bayan irin wannan cuta jijiyoyin da ke daidaita gudun jini sukan yi sanyin aiki, jini ya taru a ƙafafu in an tashi, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin. Yawan shan ruwa yana taimakawa, da tashi mataki-mataki, a zauna bakin gado kafin a miƙe, da guje wa doguwar tsayuwa a rana ko wanka da ruwa mai zafi sosai. Wasu ana ce musu su ƙara gishiri, amma ba za ki yi wannan ba sai an auna hawan jininki.

Ƙamshi yakan dawo da kansa ga mafi yawa, kuma ana iya taya shi. Ki zaɓi abu huɗu masu ƙarfin ƙamshi da kika sani sarai, kamar kanumfari, ɓawon lemun tsami, citta da na'a-na'a. Ki shinshina kowanne daƙiƙa ashirin a hankali kina tuno yadda ƙamshinsa yake, safe da yamma, har wata uku aƙalla. In wata rana kika ji soyayyen nama ko albasa suna wari kamar abin da ya ƙone, kada ki firgita, hakan yakan faru yayin da jijiyoyin hanci suke sake haɗuwa. Kafin nan ki sa wani ya riƙa duba miki tukunyar gas da abincin da ya kwana, tunda hancinki ba zai gargaɗe ki ba.

Abinci ba sai na kanti ba: wake, ƙwai, kifi, nono, gyaɗa, zogale, hanta in ta samu, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Maganin ƙarin jini sai in gwaji ya nuna jinin ya yi ƙasa. In kuma kika ga damuwa ta yi miki yawa, barci ya ƙaurace, kina kuka ba dalili, ki faɗa, don doguwar jinya tana taɓa zuciya kuma wannan ma ana maganinsa.

In gwaje-gwajen sun fito lafiya, ki ba tarin mako biyu nan gaba da matakan da na faɗa. Ya wuce mako takwas bai ragu ba, ki koma a sake dubawa, a auna ƙarfin huhu in akwai na'urar. Kasalar kuma in ta kai wata uku ba ta sassauta ba, ki nemi a tura ki wajen likitan ƙirji ko na zuciya a babban asibiti, ki tafi da littafin nan da kika rubuta da sunayen duk magungunan da kika sha. Ki rubuto mini sakamakon gwajin kakin da na jinin in sun fito. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya raya miki yaran.